An kama ɗan fashi a tsakiyar teku: wane alƙali ne nasa?



Yau zancen teku za mu yi. Na san wani zai ce, ina ruwanmu da teku? Mu a Nijar ba mu da shi. Da yawa cikinmu ko gulbin Isa ba su taɓa gani ba, balle ruwan da ba a hango ƙarshensa. To, a yi mini haƙuri, a biyo ni unguwar Wadata, a birnin Yamai.

A Wadata akwai kasuwa, akwai kuma babbar tashar mota. Duk baƙon da ya sauka can zai ga buhunan shinkafa jibge a bakin shaguna. Tunda yanzu ka iya karatu, in ka je ka duƙa ka duba rubutun da ke jikin buhu. Za ka ga sunan Indiya, ko Tailan, ko Pakistan. Wannan shinkafa ba bisa raƙumi ta zo ba. A jirgin ruwa ta zo. Ta yi makonni bisa teku, aka sauke ta a bakin ruwa, sannan kamyo ya ɗauko ta. Haka ganyen shayi, haka babur, haka magunguna da yawa. Dā yawancin kayanmu ta Kwatano suke shigowa. Da aka rufe iyakarmu da Benin a 2023, sai kaya da yawa suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso. Man da ake haƙowa a Agadem kuma, a 2024 aka fara tura shi ta bututu zuwa bakin teku a Seme, ƙasar Benin, ana ɗura shi a jirgi. Mu ba mu da teku, amma tukunyarmu ta san shi.

Ƴan fashin teku masu tare hanya ne, sai dai su a ruwa suke aikinsu. Suna fitowa cikin ƙaramin jirgi mai inji, mai gudun tsiya. Suna ɗauke da bindigogi da dogon tsani mai ƙugiya. Su matso jikin babban jirgi, su maƙala tsani, su hau. Wani lokaci mai suke so, su kwashe su sayar. Wani lokaci mutane suke so. Su kama ma'aikatan jirgin, su kai su cikin surƙuƙin daji na bakin ruwa, su ce sai an biya kuɗin fansa. Mutanen Madarunfa da Gidan Rumji ba sai an yi musu dogon bayani ba. Sun san zafin irin wannan a tudu.

A shekarar 2020 kaɗai an sace ma'aikatan jirgi 130 a tekun Gine, wato ruwan da ke kudu da Togo da Benin da Najeriya da maƙwabtansu. A watan Janairu na 2021 aka hau wani jirgi mai suna Mozart. Aka kashe injiniya ɗaya, aka tafi da Turkawa 15. Sai bayan kusan mako uku aka sako su. Kada a ɗauka masu jirgi ne ake kamawa. Mai jirgi yana gidansa, yana barci. Waɗanda ake kamawa ma'aikata ne, ƴan cin rani irin namu, da suka bar mata da ƴaƴa suka fita neman abinci.

Asarar kuma har nan take isowa. A 2011 fashi ya yi yawa a ruwan Benin. Kamfanonin inshora na Landan, wato masu ɗaukar lamunin jirgi in ya gamu da hasara, suka sa ruwan Benin cikin wurare masu haɗari. Jirage da yawa suka ƙaurace wa Kwatano. Shugaba Boni Yayi ya kai kuka Majalisar Ɗinkin Duniya. Duk abin da aka ƙara wa mai jirgi, shi ma ƙara wa mai buhu zai yi. Mai buhu ya ƙara wa mai tiya. Mai tiya ya ƙara wa uwargida.

Ran nan da yamma ina zaune wurin wani mai shayi kusa da tashar Wadata. Aka kawo labarin ƴan fashin teku a rediyo. Wani saurayi, karen mota, ya ce: "Ni da ni ne sojan ruwa, ba zan wahalar da kaina ba. In na kama su, in ɗaure, in jefa ruwa. Kifi ya yi musu shari'a." Aka yi dariya. Wani dattijo, tsohon direba da ya daɗe yana hanyar Kwatano, ya ajiye kofinsa ya ce: "Yaro, kai da gani kana bambance ɗan fashi da masunci?" Saurayin ya ce: "Baba, ai ɓarawo ba ya ɓoyuwa." Dattijon ya yi shiru.

Tambayar ta bi ni har gida. In an kama mutum, me ya wajaba a kan wanda ya kama shi?

A ƙauye amsar ba ta da wuya. In aka kama ɓarawon akuya, a kai shi wurin maigari. In abin ya fi ƙarfin maigari, a kai wa sarki, ko a kira jandarma. Ko a tsakiyar daji aka kama shi, dajin yana cikin ƙasar wani. To, teku fa?

Ga yadda dokar duniya ta raba shi. Daga gaɓa zuwa kilomita 22 cikin ruwa, mulkin ƙasar da ke bakin ruwan ne. Tafiyar awa huɗu da rabi ke nan ga mai tafiya a ƙasa. Wanda ya yi fashi a nan, alƙalin wannan ƙasa ne nasa, ba gardama. In an wuce nan, kifi da man da ke ƙarƙashi suna iya zama na ƙasar har kilomita 370, amma hanya ta kowa ce. Ba maigari, ba sarki, ba jandarma.

A 1982 ƙasashen duniya suka taru a Montego Bay, ƙasar Jamaika, suka sa hannu a babbar yarjejeniyar teku. Nijar ta amince da ita a 2013. Yarjejeniyar ta ba jirgin yaƙin kowace ƙasa ikon kama ɗan fashi a ruwan da ba na kowa ba. Ta kuma ba kotun ƙasar da ta kama shi ikon yi masa shari'a. Ba a tambaya ko jirgin da aka tare nata ne. Ba a tambaya ko ɗan fashin ɗanta ne. Tun zamanin dā an ɗauki ɗan fashin teku abokin gaban kowa, shi ya sa aka ce kowa na iya hukunta shi.

Magana ta yi daɗin ji. Amma kalma ɗaya ce ta rage mata ƙarfi. An ce kowace ƙasa tana iya yi. Ba a ce dole ta yi ba. Kun san rijiyar da aka ce ta gari duka ce. Kowa na ɗiba, ba mai yashe ta. A 2011 wani tsohon ministan Faransa, Jack Lang, ya kai wa Majalisar Ɗinkin Duniya rahoto a kan fashi a tekun Somaliya, can gabashin Afirka. Ya nuna cewa cikin mutum goma da sojojin ruwa suke kamawa, tara sakinsu ake yi, ba shari'a. A karɓe bindigoginsu, a ba su ruwan sha, a ce su tafi.

Bari in ba ku labarin da ya faru a tekunmu na kudu.

Danmak ƙaramar ƙasa ce a arewacin Turai, amma tana da jiragen kasuwanci masu yawa. A ƙarshen 2021 ta aiko jirgin yaƙi mai suna Esbern Snare tekun Gine don ya tsare hanya. Ran 24 ga Nuwamba, jirgin samansu mai saukar ungulu ya hango wani ƙaramin jirgi mai gudu, kudu da Najeriya, a ruwan da ba na kowa ba. Akwai mutane a ciki da tsani. Aka yi musayar wuta. Mutum huɗu suka mutu nan take. Aka kama huɗu. Ɗaya daga cikinsu ya ji mummunan rauni, har likitocin jirgin suka yanke masa ƙafa.

To, an kama. Sai me? Danmak ta nemi ƙasashen yankin su karɓe su, su yi musu shari'a. Ba a samu mai karɓa ba. Ita kuma ba ta so ta kai su gida, don tana tsoron in sun gama zaman kaso su ƙi komawa ƙasarsu. Mutanen suka yi mako shida a tsare cikin jirgi. A watan Janairu na 2022 aka janye ƙarar uku daga cikinsu. Aka sa su a ƙaramin jirgi, aka ba su mai da abinci gwargwadon abin da zai kai su gaɓa, aka sallame su.

Na huɗun, mai ƙafa ɗaya, ba a iya sa shi a ruwa ba, don zai iya mutuwa. An kwantar da shi a wani asibiti a Gana, daga can aka kai shi Danmak. A watan Nuwamba na 2022 kotun birnin Kwapanhagan ta same shi da laifin jefa ran sojoji cikin haɗari. Amma ba ta ɗaure shi ba. Ta duba lafiyarsa, ta kuma duba cewa an saki abokansa. Daga baya aka ba shi izinin zama a ƙasar, ƴan siyasarsu suka yi ta faɗa a kai.

Ku tsaya ku duba wannan al'amari. Mutum huɗu, jirgi ɗaya, rana ɗaya. Uku sun tafi gida ba wanda ya tambaye su komai a gaban alƙali. Ɗaya ya tsaya gaban alƙali, ba don laifinsa ya fi nasu ba, sai don ƙafarsa ta fi tasu ciwo. Wannan ba shari'a ce ta zaɓa ba, sa'a ce.

Wani zai ce ai sakin mutum jinƙai ne. Ni ban yarda ba. In waɗannan uku ƴan fashi ne, an mayar da su bakin aikinsu, kuma ma'aikacin jirgin da za su kama gobe shi zai biya kuɗin jinƙan. In kuwa ba ƴan fashi ba ne, an cuce su. An kashe abokan tafiyarsu, an tsare su mako shida, an sake su da sunan ɓarayi a wuya, ba a ba su damar wanke kansu ba. Ko ta ina ka duba, akwai wanda aka danne wa hakki. Wanda ya huta kawai shi ne wanda ya kama.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da sanin wannan. Suna kiran tare hanya da makami hiraba. A littafin Risala da ake karantawa a zaurukanmu an nuna abu biyu. Mai tare hanya in an kama shi, ba a yafe masa haka kawai. Hukuncinsa kuma yana hannun shugaba, ba hannun wanda ya kama shi ba. Wato ba ka da ikon saki, ba ka da ikon kisa. Naka shi ne ka kai shi.

Yanzu mu koma kan maganar saurayin nan, da ya ce ɓarawo ba ya ɓoyuwa.

A watan Afrilu na 2008 ƴan fashin Somaliya suka kama wani jirgin Faransa mai suna Ponant, da ma'aikata 30 a ciki. Aka biya kuɗin fansa, aka sako mutanen. Sojojin Faransa suka bi sawu da jirage masu saukar ungulu har cikin tudu. Suka tare wata mota, suka kama mutum shida, suka kai su Paris. Kowa ya ce an kama ɓarayi. Sai a 2012 aka yi shari'a. Kotu ta ɗaure huɗu. Biyu kuwa ta ce ba su da laifi. Sun riga sun yi shekara huɗu a kaso, a ƙasar da ba su jin harshenta. Daga baya aka biya su diyya. Shekara huɗu ba ta dawowa, wannan gaskiya ne, kuma jinkirin abin kunya ne. Amma suna da rai. Da an bi shawarar saurayinmu, da kifi ya cinye su tun ranar farko, kuma da har yau ana cewa ɓarayi shida aka kashe.

Ni ma na taɓa ganin irin wannan da idona, a wata kasuwar ƙauye. Aka yi ihun ɓarawo. Wani yaro ya ruga, jama'a suka bi shi da sanduna. Kafin dattawa su raba, an fasa masa kai. Can da la'asar mai kuɗin ya ga kuɗinsa a ɗaya aljihun. Yaron tsoro ne ya sa shi gudu. Ban ɗaga sanda ba, amma ban buɗe baki ba. Har yau in na tuna, sai in ji kunya.

To, me ya sa ƙasashe masu arziki da manyan jiragen yaƙi suke gudun shari'ar nan? Don tana da wahala, tana kuma cin kuɗi. Kama mutum aikin awa ɗaya ne. Tabbatar da laifinsa aikin shekaru ne.

Alƙali ba ya aiki da zato. Sai da shaida. A teku kuwa shaida nutsewa take yi. Da ƴan fashi sun hango jirgin yaƙi, sai su jefa bindiga da tsani cikin ruwa. In an iso, sai a tarar da mutane zaune, suna cewa kamun kifi suka fito. Wani ƙarya yake yi. Wani gaskiya yake faɗi, don masunta ma a nan suke neman abinci, kuma jirginsu iri ɗaya ne. Masu ba da shaida kuma fa? Ma'aikatan jirgi ne. Yau suna Lome, wata mai zuwa suna Sin. Ɗaya ɗan Filifin, ɗaya ɗan Indiya, ɗaya ɗan Rasha. Wa zai biya kuɗin jirgin sama ya dawo da su gaban alƙali? Mai jirgi ma ba ya so jirginsa ya kwana a tasha ana bincike, don kowace rana asara ce. Ga tafinta, ga lauyan da zai tsaya wa wanda ake tuhuma, ga abincin ɗan kaso.

A birnin Hambug na Jamus an yi wa Somaliyawa goma shari'a saboda jirgin Taipan da suka hau a 2010. An fara a watan Nuwamba na 2010, ba a gama ba sai Oktoba na 2012. Zama fiye da ɗari aka yi. Abin da ya fara ba alƙalan wahala shi ne shekarun mutanen. Ba su da takardar haihuwa. Wasu suka ce su yara ne, dokar kuma ta bambanta hukuncin yaro da na babba. Sai da likitoci suka ɗauki hoton ƙashin hannunsu, suka duba haƙoransu, kamar yadda ake duba bakin doki a kasuwa. A ƙarshe aka ɗaure su daga shekara 2 zuwa 7. A nan bari in ɗan ratse. Mu ma da yawa a katinmu an rubuta cewa an haife mu wajen shekara kaza. Mai jariri a gida, ya je ya yi masa takardar haihuwa. Ba ka san ranar da za ta cece shi ba.

Kada a ce abin ba ya yiwuwa sai a Turai. An yi shi a kusa da mu. A daren 11 ga Mayu na 2019 aka kai wa wani jirgin dakon mai, G-Dona 1, hari a ruwan Togo. Sojojin ruwan Togo suka kama mutanen. A watan Yuli na 2021 kotu a Lome ta yanke hukunci. Wannan ne karon farko da aka yi shari'ar fashin teku a ƙasar. Mutum goma ake tuhuma: ƴan Najeriya bakwai, ƴan Togo biyu, ɗan Gana ɗaya. Takwas suka sami ɗaurin shekara 12 zuwa 15. Ɗan Ganan, da ba a kama ba, aka yanke masa 20 a bayan idonsa. Ɗan Togo ɗaya kuma aka sallame shi, aka ce ba shi da laifi.

Mutane sun fi maganar shekara 20 ɗin nan. Ni wanda aka sallama ne ya fi burge ni. Kotun da ba ta taɓa cewa "wannan ba shi da laifi" ba, ba kotu ba ce, ƙofar kaso ce kawai.

A Najeriya ma, sai a 2019 aka yi doka ta musamman a kan fashin teku. A watan Mayu na 2020 aka kama wani jirgin kamun kifi na ƴan Sin a ruwan Kwaddibuwa, da ma'aikata 18. Sojojin ruwan Najeriya suka tare shi, suka ceci mutanen, suka kama goma. A watan Yuli na 2021 wata kotun tarayya a Legas ta ɗaure kowannensu shekara 12. A watan Yuli na 2022 kuma, wata shida bayan an sallami mutanen nan uku a ƙaramin jirgi, shugabannin CEDEAO suka amince a birnin Akra da wata doka ta miƙa wanda aka kama ga ƙasar da za ta iya yi masa shari'a. Nijar tana cikin ƙungiyar a lokacin, ta fita a Janairu na 2025.

Satar mutane a tekun Gine ta ragu bayan haka. Daga 130 a 2020, ta sauko 57 a 2021. Ba zan ce kotu kaɗai ce ta yi wannan aiki ba. An ƙara jiragen sintiri, masu jirage ma sun ƙara tsaro. Amma sintirin da ba kotu a bayansa, korar tsuntsaye ne daga gona. Ka juya baya, sun dawo.

Akwai wata magana mai nauyi da ba zan ɓoye muku ba. Wani malamin Kirista na zamanin dā, Agustin, mutumin ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ya ba da labarin wani ɗan fashin teku da aka kawo gaban sarki Iskandar. Sarki ya tambaye shi dalilin da ya sa ya hana teku zaman lafiya. Mutumin ya amsa cewa abin da sarki yake yi wa duniya shi ma yake yi. Shi jirginsa ƙarami ne, shi ya sa ake ce masa ɓarawo. Sarki jiragensa da yawa, shi ya sa ake ce masa sarki.

Har yau ana jin irin wannan amsa. Somaliyawa sun ce da gwamnatinsu ta rushe a 1991, manyan jiragen ƙasashen waje sun zo suna kwashe musu kifi, ba mai hanawa. Mutanen kudancin Najeriya sun ce man da ya malala ya kashe musu kifi da gonaki. Ba ƙarya suke yi ba. A 2011 wata hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya ta binciki ƙasar Ogoni, ta ce gyaran ɓarnar zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Suka ce, don me za a ɗaure mai ƙaramin jirgi a bar mai babba?

Na daɗe ina juya wannan magana. Ga inda na tsaya. Injiniyan da aka kashe a jirgin Mozart bai zubar da man kowa ba, bai kwashe kifin kowa ba. Wanda aka zalunta ba ya samun izinin zaluntar wani talaka ɗan'uwansa. In babban ɓarawo ya tsira, gyaran shi ne a kawo shi shi ma, ba a saki ƙaramin ba. Sannan ku lura da wani abu. A ina ne ɗan fashi zai iya faɗin yunwarsa a saurare shi? Ba a bakin bindiga ba. Ba cikin ruwa ba. A gaban alƙali ne lauyansa zai tashi ya ce wannan yaro ne, talauci ya kore shi, wani ne ya ba shi bindiga. Alƙali ya auna, ya rage ko ya ƙara. Shi kansa mutumin Iskandar, ai don an kawo shi da rai ne muka ji amsarsa.

Gaskiya ne, yawanci yaran da ke hawa tsani ake kamawa. Mai sayen inji da mai da bindiga yana gari, cikin babbar riga. Kama irinsu sai an yi dabara. Akwai wani Basomale, Mohamed Abdi Hassan, ana yi masa laƙabi da Afweyne, wato Babban Baki. Sunansa ya yi ƙauri a harkar, amma hannu bai kai gare shi ba. Sai ƴan sandan Beljiyam suka yi shigar masu shirya fim. Suka aika masa cewa suna son yin fim a kan rayuwarsa, ya zo ya ba su shawara. Son a sani ya ɗauke shi. A watan Oktoba na 2013 ya sauka filin jirgin saman Burasal, aka sa masa ankwa. A 2016 kotu ta ɗaure shi shekara 20 saboda jirgin Beljiyam mai suna Pompei da aka kama a 2009. Shekara huɗu suna fakonsa, shekara biyu da rabi ana shirya shari'a. Haka aikin yake, ba gaggawa.

Mu nan ba mu da jirgin yaƙi a teku, kuma da wuya a kawo ɗan fashin teku gaban alƙali a Yamai. Amma abin da ya faru da Danmak yana faruwa da mu a tudu. An kama ɓarawon shanu. Kai shi gari yana da nisa. Sai an yi hayar mota, sai an bar gona, sai an je an dawo, an je an dawo. Ga tsoron ƴan'uwansa. Sai wani ya ce a gama da shi a nan. Wani ya ce a karɓi shanun a bar shi ya tafi. Duka biyun gudun wahala ne, ko da ɗaya ya yi kama da jarumta, ɗayan ya yi kama da tausayi. Na san masu cewa ko an kai shi, gobe za a gan shi a kasuwa. Wani lokaci haka ne, kuma dole hukuma ta ji wannan kuka. Amma sau da yawa in ka bincika, ranar shari'a ba wanda ya je ba da shaida. Waɗanda suka fi kowa ihu ranar kamu, ranar kotu suna gona. Alƙali kuwa bai ga komai da idonsa ba.

Bayan kwana biyu na koma wurin mai shayin. Na tarar da dattijon nan da saurayin. Na ce: "Baba, ran nan ka yi tambaya ka yi shiru." Ya yi murmushi, ya ce shekarun baya an taɓa tare su da dare a hanya, aka kwashe musu kuɗi, aka fasa wa yaron motarsa hannu. Bayan mako guda jandarma suka kama mutum biyu, aka kira shi shaida.

Saurayin ya ce: "Ka je, Baba?"

Ya ce: "Sau uku. Na farko alƙali ba ya nan. Na biyu aka ɗaga. Na uku aka fito da su. Ɗaya na gane shi, da tabo a goshi. Ɗayan na duba, na sāke dubawa, na ce wannan ban gan shi a daren ba."

"Sai aka yi yaya?"

"Aka ɗaure mai tabon. Ɗayan aka sake shi. Mai motar kuma ya cire mini kuɗin kwana uku a albashi."

Ya shanye sauran shayinsa, ya ba mai shayi dala ashirin, ya ɗauki butarsa.